Yadda ake bincikar zirga-zirgar netwok da aka kama, daga tcpdump zuwa dashbod ɗin Security Onion

Wani Alhaji mai shagon kwamfuta a nan Bauchi, can wajen Wunti, irin shagon nan da ɗalibai ke cika maƙil lokacin rajistar JAMB ana cike fom ana buga takardu ana sikanin, shi ya kira ni wata Talata bayan la'asar. Ya ce "injiniya, data ɗinmu tana tafiya kamar ana ɗibar ruwa da kwando, yaran shago kuma sun rantse min ba sa kallon fim." Na ce "to Alhaji a bar zargin yaran tukuna, mu kama abin da ke wucewa cikin wayar mu gani da idonmu." Da wannan aikin zan yi muku bayanin matakan, don ni kam na fi gane abu idan akwai misali a gabana, kuma abin da muka tarar a ƙarshe ya fi maganar data nauyi nesa ba kusa ba.

Kafin ka taɓa komai, nemi izini. Wannan ba wasa ba ne, abin da za ka kama ya ƙunshi shafukan da mutane suka shiga, sunayen na'urorinsu, wani lokacin har kalmar sirri idan shafin bai da kariya. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta tare bayanan mutane ba bisa izini ba, sannan ga dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Ni sai da Alhaji ya rubuto min a WhatsApp cewa ya sa ni aikin, da ranar da kuma iya abin da zan duba, sannan na ɗauko jakata. Netwok ɗin da ba naka ba kuma mai shi bai sa ka ba, ka bar shi, ko na makaranta ne ko na otal ko waifai ɗin maƙwabci.

Sai wurin da za ka tsaya ka kama, kuma a nan mutane da yawa ke faɗuwa tun ba a je ko'ina ba. Za ka ga mutum ya jona laftof ɗinsa a suwic, wato akwatin da kebul ɗin kwamfutoci ke haɗuwa, ya buɗe Wireshark, manhajar kama saƙonnin netwok da duba su, ya zauna awa biyu, a ƙarshe abin da ya kama nasa ne kaɗai da ɗan shelar da na'urori ke yi wa kowa da kowa, saboda suwic yana kai kowane saƙo ƙofar mai shi ne kawai. Dole sai ka sa suwic ɗin ya riƙa kwafo maka abin da ke bi ta wata ƙofa zuwa ƙofar da ka jona, a saitin ana rubuta shi Port Mirroring, a kayan Cisco kuma SPAN. Ƙaramin suwic irin TP-Link TL-SG108E yana yi, shi nake yawo da shi a jaka. Idan rautar wurin, wato na'urar da ke haɗa gida da intanet, MikroTik ce to akwai Packet Sniffer a ƙarƙashin Tools, sai dai ma'adanarta ƙarama ce, tana cika da wuri.

Ka kama ta ɓangaren ciki, tsakanin suwic da rauta. Idan ka kama ta bayan rauta, wato ɓangaren da ke fita zuwa MTN ko Airtel ko Starlink, rautar ta riga ta naɗe duk kwamfutocin cikin adireshi guda ɗaya, za ka ga mugun abu yana fita amma ba za ka san daga wace kwamfuta ba. Sannan ka tuna wayoyin da ke kan waifai ɗin rautar kai tsaye ba sa bi ta suwic, ba za su fito a kamunka ba. A shagon Alhaji kwamfuta 14 duk da kebul suke, don haka na saka suwic ɗina a tsakiya, ƙofa ta 1 zuwa rauta, ta 2 zuwa babban suwic ɗin shago, ta 8 zuwa laftof ɗina, na ce a kwafo ta 1 zuwa ta 8, shiga da fita duka.

Kamun da kansa da tcpdump nake yi a Linux, tsohon kayan aiki ne tun 1988 daga ɗakin binciken Lawrence Berkeley a Amurka, ba shi da nauyi ba ya cin RAM kamar Wireshark idan an bar shi ya daɗe:

sudo tcpdump -i eth0 -n -w shago.pcap -C 500 -W 20 -Z root

Ka canza eth0 da sunan katin netwok ɗinka, ip a zai nuna maka. -C 500 na nufin duk fayil ya kai kusan megabait 500 a buɗe sabo, -W 20 kuma fayil 20 kawai, idan suka cika zai koma ya hau kan na farko ya goge shi, to ka lissafa da kyau kar ka dawo ka tarar safiyar da kake nema ta tafi. Ka tabbata batirin laftof na da rai kuma suwic ɗin na kan inbata ko UPS, don ranar farko an ɗauke mana wuta wajen azahar, kafin a tada janareta suwic ya mutu, muka samu giɓin minti ashirin da wani abu a tsakiyar kamu. Kuma ka bar shi ya ɗauki har lokacin da ba kowa a wurin. Na roƙi Alhaji a bar kwamfutocin a kunne bayan an rufe shago na awa uku, don kwamfutar da ba kowa a kanta amma tana ta magana da waje, ita ce abar tambaya.

Da ka gama, kafin ka buɗe, yi sha256sum a kan kowane fayil, zai ba ka wata doguwar lamba da ke canzawa idan an taɓa fayil ɗin, ka rubuta lambar a littafi, ka kwafi fayilolin zuwa filash ka ajiye na asali gefe, da kwafin za ka yi aiki. Idan magana ta girma gobe, lambar nan ce shaidar ba a taɓa fayil ɗin ba. Sai capinfos shago.pcap00 ya faɗa maka lokacin da kamu ya fara da lokacin da ya ƙare da yawan fakitin, wato gutsattsarin saƙonni, da ke ciki. Idan kana son haɗe su wuri guda akwai mergecap, duk suna zuwa tare da Wireshark.

Yanzu dashbod, wato allon da ke taƙaita maka bayanan cikin zane da jadawali. Me ya sa ba za a buɗe a Wireshark kawai ba? Saboda gigabait shida na fakiti layi ne miliyoyi, ido ba zai iya ba, laftof ɗin ma zai tsaya cak. Security Onion, wanda Doug Burks ya fara a 2008 kuma kyauta ne, yana ɗauke da ma'aikata biyu da za su karance maka fayil ɗin gaba ɗaya. Na farko Zeek, wanda a da sunansa Bro kafin a canza a 2018, aikin Vern Paxson ne, shi kamar magatakarda yake, yana rubuta wa ya yi magana da wa, ta wace ƙofa (a nan lambar port ake nufi, ba ramin suwic ba), tsawon wane lokaci, bait nawa ya fita nawa ya shigo, wane suna aka tambaya a DNS, tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa lambar adireshi. Na biyu Suricata, shi kamar ɗan sintiri ne mai riƙe da jerin alamun ɓarayin da aka riga aka sani, ana kiran jerin dokokin Emerging Threats, a taƙaice ET, da ya ga abin da ya yi kama sai ya busa usur. Duk abin da su biyun suka fitar ana zuba shi cikin rumbun bincike mai suna Elasticsearch, kai kuma ka gani a birawza.

Sauke ISO ɗin, wato fayil ɗin girka Security Onion, daga shafinsu na GitHub, yana da girma sosai, ka nemi inda ake da intanet mara iyaka ko ka karɓa a filash wajen wanda ya riga ya sauke amma ka tantance sa hannun fayil ɗin kamar yadda suka nuna a shafin. Ka ɗora shi a VirtualBox ko VMware, manhajojin da ke buɗe maka wata kwamfuta a cikin kwamfutarka, a wajen saiti ka zaɓi IMPORT, shi ne mafi sauƙi, aikinsa karanta fayilolin da aka riga aka kama kawai. Mafi ƙarancin da suka ce shi ne RAM gigabait 4, kan furosesa 2, ma'adana gigabait 50, amma gaskiya idan kana da hali ba shi 8, za ka huta da jira. Zai tambaye ka imel da kalmar sirrin da za ka riƙa shiga da su, zai kuma tambayi adireshin da za a bari ya buɗe shafin, saka na laftof ɗinka, idan ka tsallake wannan za ka yi ta buga adireshin a birawza shiru. Bayan ya gama sai ka tura fayil ɗin ciki da scp ko WinSCP ka buga:

sudo so-import-pcap shago.pcap00

Idan ya gama zai ba ka wani dogon link, kwafe shi ka liƙa a birawza, shi zai kai ka dashbod da lokacin kamun an riga an saita. Ka kula da wannan sosai, don in ka shiga da kanka dashbod ɗin na nuna awa 24 da suka wuce ne, fayil ɗinka kuwa na makon jiya ne, sai ka ga fili fetal ka ɗauka shigarwar ce ba ta yi ba. Haka ma agogo, asalin bayanan da lokacin UTC ake rubuta su, mu kuma a Najeriya muna gaba da awa ɗaya. Duba Options ka ga wane lokaci ake nuna maka, a Wireshark ma ka daidaita ta View sannan Time Display Format, in ba haka ba za ka ɗora wa yaron da ya zauna ƙarfe huɗu laifin abin da ya faru ƙarfe uku.

Kowa na son ya ruga shafin Alerts don can ne ake da ja da ruwan ɗorawa. Ni ban fara da can ba, kuma ina ba ka shawara kai ma kar ka fara. Fara da Dashboards ka buɗe na Connections ka san gidan tukuna, su waye a ciki, wa ya fi magana, ina suka fi zuwa. Adireshin da ya fara da 192.168 ko 10. ko daga 172.16 zuwa 172.31 na cikin gida ne, sauran na waje. A akwatin bincike kana iya ƙara

| groupby source.ip destination.ip destination.port

a ƙarshen abin da ke ciki, zai jera maka su da yawan haɗuwarsu. Ƙofar 443 da 80 da 53 su za su cika ko'ina kuma daidai ne, shafukan yanar gizo da DNS ke nan, 443 ta UDP ma kar ta ba ka tsoro, wata hanyar buɗe shafuka ce mai suna QUIC, YouTube da Facebook na amfani da ita. Waɗanda ke sa in gyara zama su ne 445 tana fita waje, ta nan ƙwayar cutar kwamfuta WannaCry ta bi ta yaɗu a watan Mayu 2017, da 3389 ta shiga kwamfuta daga nesa, da 23 ta telnet wadda ƙwayar cutar Mirai ta bi ta kame kamarori da rautoci a 2016. Ka duba filin yanayin haɗuwa da Zeek ke sakawa, SF an yi magana an rabu lafiya, S0 an ƙwanƙwasa ba a amsa ba, REJ an ƙi buɗewa. Kwamfuta ɗaya da S0 ɗari-ɗari zuwa adireshi daban-daban a ƙofa guda, wannan tana laluben gidajen mutane ne.

A nan maganar data ta Alhaji ta warware cikin minti goma. Mafi yawan abin da ya shigo daga sabobin sabunta Windows ne, kwamfuta 14 kowacce na jan nata, ga kuma ɗaya da aka bar wa manhajar torrent tana rabawa duniya fayil dare da rana. Na nuna masa a allo, ya ce "ashe yaran na da gaskiya rabi da rabi." Maganin wannan mai sauƙi ne, a kunna Delivery Optimization ta yadda kwamfutocin cikin shago za su riƙa raba sabuntawar a tsakaninsu, ta ƙofar 7680 suke yi, a cire torrent ɗin, shikenan.

Da na tsaya a nan da an ce aiki ya yi kyau, amma awa ukun nan na bayan rufe shago ne ban duba ba. Na ja lokacin dashbod ɗin zuwa tsakanin ƙarfe 8 da 11 na dare, sai zane ya kwanta kusan ƙasa, sai wani ɗan tsini ƙarami da ke tashi a jere kamar haƙoran matsefi. Kwamfuta ɗaya, 192.168.0.107, tana tuntuɓar wani adireshin waje guda kusan duk daƙiƙa 60, kowane zuwa bait ɗari kaɗan ya fita bait ɗari kaɗan ya dawo, a jimla bai kai hoto ɗaya na WhatsApp ba, shi ya sa in da yawan data kake nema har abada ba za ka gan shi ba. Mutum ba ya lilo a intanet da irin wannan tsari, manhaja ce ke leƙawa wajen ubangidanta tana tambaya ko akwai aiki. Amma fa a kula, manhajojin kirki ma suna haka, antibairos da Telegram da OneDrive duk suna leƙawa gida a kai a kai, don haka tsinin nan dalilin bincike ne kawai, bai isa hukunci ba. Akwai RITA na kamfanin Active Countermeasures da ke karanta bayanan Zeek ya zaƙulo irin wannan da kansa idan kamun ya yi yawa.

Daga nan sai dashbod ɗin DNS, na tace da adireshin kwamfutar, na jera da dns.query.name. Abin da kake nema a nan, sunaye masu kama da an zuba haruffa barkatai, ko NXDOMAIN da yawa a jere wato kwamfuta na ta tambayar sunayen da babu su tana neman wanda zai amsa, ko suna mai tsawon gaske da ke canzawa duk tambaya, wannan alamar ana fitar da bayanai ta cikin DNS ne. Idan birawza na ɓoye DNS ɗinta cikin HTTPS ba za ka ga tambayar ba, sai ka koma dashbod ɗin SSL ka duba ssl.server_name, domin ko an rufe abin da ke cikin saƙon, yawanci sunan sabar da ake nema na fitowa a gaisuwar farko. Tamu kam ba ta da suna ko ɗaya, kai tsaye take zuwa lambar adireshi, ta wata ƙofa can sama da ba a saba gani ba. Na saka adireshin a VirusTotal da AbuseIPDB, shafukan da ake duba ko an san adireshi da ɓarna, ga shi nan an sha kai ƙararsa.

Sai yanzu na buɗe Alerts. Akwai su sun fi ɗari biyu, amma mafi yawa masu ET INFO da makamantansu ne, sanarwa ce kawai irin "an ga torrent" ko "an duba adireshin waje", ba lallai ɓarna ba. Waɗanda suka fara da ET MALWARE su ake bi da gaske, kuma da yake na riga na san 107 ce abar zargi, sai na je kanta kai tsaye na tarar da guda biyu a cikin tarin. Danna layin ka zaɓi Correlate, zai tattaro maka duk bayanan da suka shafi haɗuwar nan guda, sannan ka zaɓi PCAP ka ga fakitin da kansu, kana iya sauke ɗan guntun ka buɗe a Wireshark. Wannan matakin kar ka taɓa tsallake shi, Suricata na iya kuskure, dokar da aka rubuta don wani abu tana iya kama wani daban, abin da ke cikin fakitin shi za ka nuna wa mai gida. A Wireshark danna dama a kan layi, Follow sannan TCP Stream. Ja shi ne abin da kwamfutarmu ta faɗa, shuɗi amsar da aka ba ta. Namu ba a ma rufe shi ba, ina kallo ga sunan kwamfutar, ga sunan mai amfani, ga samfurin Windows, ana aikawa a fili. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don na san abin da ake bugawa a kwamfutocin shagon nan, lambar NIN, imel ɗin ɗalibai, bayanan katin banki wajen biyan kuɗin rajista.

Filtocin Wireshark da nake yawan bugawa ba su da yawa, ip.addr == 192.168.0.107 don na'ura ɗaya, http.request don buƙatun da ba a rufe ba, tls.handshake.type == 1 don gaisuwar farko ta waɗanda aka rufe, sai dhcp don gano sunan na'ura da lambar MAC ɗinta, wato lambar katin netwok ɗinta. Na ƙarshen nan ne ya ba ni sunan kwamfutar, muka bi teburi teburi muka same ta a lungu kusa da firinta. Na tambayi yaron da ke kula da ita, "ƙanina me aka saka a nan kwanan nan?" Ya ce wata manhajar gyaran hoto ce ta fasa da suka sauko don ba sai an biya ba. Ta irin wannan hanyar manhajojin satar kalmar sirri irin su RedLine da Lumma suke yawan shiga kwamfutocin mutane. Idan fayil ɗin ya sauko lokacin da kake kamu kuma ta HTTP, kana iya ciro shi ta File, Export Objects, HTTP, amma don Allah kar ka danna shi, lissafa sha256 ɗinsa ka nemi lambar a VirusTotal. Kuma kar ka ɗora fayil ɗin kamunka gaba ɗaya a irin waɗannan shafukan, sirrin kwastomomi na ciki.

Abin da muka yi bayan nan, na zare kebul ɗinta ban kashe ta ba, na buga netstat -ano na ga lambar manhajar da ke riƙe da haɗuwar, na bi ta a Task Manager, Autoruns na Sysinternals, mai jera duk abin da ke tashi tare da Windows, ya nuna inda ta laɓe take tashi duk lokacin da aka kunna. Na ɗauki hotuna, na rubuta lokaci da adireshi da ƙofa a takarda guda, sannan aka goge kwamfutar aka sa sabon Windows, ban yarda da gogewar antibairos kaɗai ba. Kalmomin sirrin shago duka aka canza daga wata na'ura mai tsabta, aka kunna tantancewa mai hawa biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata lambar tabbatarwa, aka toshe adireshin a rauta. Na kuma gaya wa Alhaji gaskiya cewa waɗanda suka yi amfani da kwamfutar nan na da haƙƙin su sani, kuma dokar 2023 ta ce idan ɓarakar na iya cutar da masu bayanan a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Ya yi shiru ya ce "to injiniya, amana ce ai," ya sa aka ɗauko littafin da suke rubuta lambobin kwastomomi aka fara kira.

Ga ɗaliban jami'ar ATBU da na Fedpoly, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Bauchi, da ke tambayata inda za su samu fayil na koyo tunda ba su da shagon da za su kama, shafin malware-traffic-analysis.net na Brad Duncan cike yake da atisaye na gaske da amsoshinsu, fayilolin a kulle suke da kalmar sirrin da aka yi bayaninta a shafin. Ka yi su a cikin VirtualBox kawai don ƙwayoyin da ke ciki rayayyu ne. Ka ɗauki ɗaya, ka nemo adireshin wanda aka kama da sunan kwamfutarsa da lokacin da abin ya fara kafin ka leƙa amsa. Wanda laftof ɗinsa ba zai ɗauki Security Onion ba ya sa Zeek kaɗai, zeek -r fayil.pcap zai zubo maka conn.log da dns.log da sauransu a folda, ka karanta da zeek-cut.

Bayan kwana uku na koma shagon da suwic ɗina na sake kamu na dare, ƙarfe 8 zuwa 11 kamar wancan, na shigar na ja lokacin, haƙoran matsefin nan sun ɓace, babu wata kwamfuta cikin 14 da ta nemi adireshin. Na miƙa wa Alhaji filash mai ɗauke da fayilolin asali da takardar lambobin sha256 ya kulle a durowa, kwafin da ke laftof ɗina kuma na goge shi a gabansa.